Ado Da Busassun 'Ya'yan Itace: Abin Da Ya Sa Shanyar Kano Ba Ta Yi A Badun

A watan Yunin bara ƙanwata ta turo min wani bidiyo daga Facebook, wasu mata a ƙasar Turai sun yanka lemo siriri, sun busar, sun tsira a zare sun rataye a bangon falo. Ta ce: "Yaya, irin wannan nake so a ɗakina." Bikinta saura wata guda, kuma kayan adon roba da ake kawowa daga waje kuɗinsu ya fi ƙarfinmu. Na je Bodija na sayo lemo cike da kwando, na yanka, na baza a tire na kai rana, kamar yadda na ga ana shanya kuɓewa da tumatir a gida. Kwana uku duk ya yi funfuna, kore da baƙi, sai bola.

Gwaggona da ta shekara arba'in a Sabo ta duba tiren, ta yi dariya. "Ke 'yar nan, Kano kike tsammani? Nan Kurmi ne. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya." Daga wannan asarar na zauna na koyi abin da zan bayyana a nan.

Da farko, ado da busasshen ɗan itace ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ƙwarya ɗiyar duma ce da aka bari ta ƙosa, aka fafe, aka busar. Daga ita ake samun masaki, ƙoƙo, ludayi, gora da shantu. Kafin tasa da kwalla da tangaran su karɓe jeren ɗakin amarya, ƙore ne ake jerawa, an rufe su da faifai masu launi. Matan Fulani har yau da ƙore masu zane suke tinƙaho. A Adamawa da Gombe da wuƙa mai zafi ake ƙona zanen a jikin ƙwarya. Maƙwabtanmu Yarbawa ma gwanaye ne: garin Oyo, kimanin kilomita 50 arewa da Badun, ya yi suna wajen sassaƙar ƙwarya, wadda suke kira igba, inda ake kankare bayanta a fito da zane fari tas. Kenan lemon bidiyo ƙani ne ga abin da kakanninmu suka sani.

Matsalar ita ce iska. Shanya ba zafin rana kaɗai take buƙata ba, tana buƙatar busasshiyar iska da za ta kwashe ruwan. Lemo kuwa fiye da kashi 80 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, ga kuma zaƙi, abincin funfuna da kiyashi. A Kano damina wata huɗu zuwa biyar ce, sauran shekara iska a bushe take. A Badun ruwa kan fara tun Maris ko Afrilu, ya kai Oktoba, kuma ko ranar da ba a yi ruwa ba iskar cike take da danshi. Abin da rana ta busar da yini, raɓa ta mayar masa da ruwa da dare. Tun da aka kafa Sabo a 1916 iyayenmu suka gane haka, shi ya sa kuka da busasshiyar kuɓewa da barkono daga Arewa ake lodo su.

To, mene ne abin yi? Hanya ta farko ita ce a jira hunturu. Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu iskar Arewa kan leƙo Badun, lokacin kuma lemo na da araha. A zaɓi wanda bai nuna lugub ba, a yanka da wuƙa mai kaifi, kauri kada ya wuce rabin santimita. A cire 'ya'yan, a danne kowane yanka da tsumma mai tsabta ya tsotse ruwan. A shanya a kan raga ko rariya, ba tiren ƙarfe ba, domin iska ta ratsa sama da ƙasa. A lulluɓe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura, a riƙa juyawa, kuma a shigar ɗaki kafin magariba. Wannan na ƙarshen shi ne kuskuren da ya fi kayar da mutane.

Hanya ta biyu ta masu gaggawa ce, ko masu biki a damina. Mai obin ta sa wuta ƙasa-ƙasa, wajen digiri 80 zuwa 90, awa uku zuwa huɗu, tana juyawa duk rabin awa, ta bar ƙofar a ɗan buɗe tururi ya fita. Wadda ba ta da shi, kurfoti ya isa: bayan an gama girki, gawayi ya lafa ya fara toka, a ɗora raga nesa da garwashi, kamar tsawon kamu ɗaya. Ɗumi ake so. In ya fara baƙi a gefe ko ya yi ƙaurin ƙuna, wuta ta yi yawa. Alamar ya bushe ita ce ba ya manne wa yatsa, kuma in an ɗaga shi haske na ratsa shi kamar gilashi.

Ba kowane ɗan itace ke jure Kurmi ba. Lemon zaƙi da lemon tsami suna yi. Mangwaro, gwanda da abarba zaƙinsu ya yi yawa, ko sun bushe sai sun sake jawo danshi da tururuwa. Mafi kwanciyar hankali su ne waɗanda Allah Ya busar tun daga Arewa: goruba, ƙwallon kuka, soso da ƙananan ƙoƙuna. Goruba goma a cikin ƙwarya mai zane, a tsakiyar tebur, ado ne da ba ya neman gyara. In za a tsira lemo a zare, a riƙa sa kanumfari da sandar kirfa a tsakani, ɗaki ya ɗauki ƙamshi.

Sai a kiyaye abu uku. Na ɗaya, kada a rataye a jikin bangon da ke tsattsafo ko kusa da banɗaki, kuma a riƙa dubawa in damina ta shigo. Duk wanda ya yi ɗigon kore ko fari, a jefar, kada a ce za a goge, domin funfuna na tayar wa mai asma ciwo, ga yara a ɗaki. Na biyu, in an shafa wa ƙwarya ko lemo man ƙyallin da kafintoci ke shafa wa katako don ya daɗe, to ya zama na kallo kawai: ba a dama fura a wannan ƙwarya, kuma a ɗaga shi sama inda yaro ba zai kai baki ba. Na uku, busasshen abu makamashi ne. Ɗakunanmu na Sabo a matse suke, a nisanta shi da kyandir, fitilar kananzir da kaskon turaren wuta.

Ƙanwata ta tare ba tare da lemonta ba. Gwaggo ce ta fito da ƙore uku daga ƙarƙashin gado, na aurenta, muka goge muka jera mata. Lemon kuma sai a Janairu na kai mata, zare biyu, ya bushe ƙarau. Wadda ke da biki a damina mai zuwa, ta yi shanyarta a hunturun nan, ta adana a kwalba mai murfi.