Ɗaukewar Al'ada: Wace Mace Ce Maganin Homon Ya Dace Da Ita?

A kasuwar Katako ta birnin Yamai, inda ake ƙera tukwanen alminiyon, ake cinikin kwanon rufi, ƙarafa, tayoyi da buhunan hatsi, zafi ba labari ba ne. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi kan haura 40, ga wutar maƙera, ga ta masu tuwo da masu ƙosai. Shi ya sa idan mace mai shekara hamsin ta ji zafi ya taso mata daga ƙirji ya haye wuya da fuska, gumi ya karyo mata, ba mai waiwayar ta, ita kanta sai ta ɗora wa rana laifi. Amma wannan zafin ba ruwansa da rana. Yana zuwa ko a cikin hunturun Janairu, ya tashe ta tsakar dare ta tarar da zanenta sharkaf, bayan ƴan mintoci ya lafa ya bar ta da faɗuwar gaba.

Wata ta ce zazzaɓin sauro ne, ta kira mai tallar magani. Wata ta ce iska ce, a nemo mata malami. Wata kuwa ta yi shiru, don maganar ba ta faɗuwa a gaban ƴaƴa da surukai. Sau da yawa abin da ke faruwa shi ne ɗaukewar al'ada, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce takan zo wa yawancin mata tsakanin shekara 45 da 55, kuma ana tabbatar da ita ne idan mace ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba. Gidan ƙwai na mace ya rage fitar da sinadarin istirojin, sai sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki ya rikice. Daga nan ne zafin da gumin dare suke fitowa, tare da rashin barci, saurin fushi, ciwon gaɓoɓi, bushewar gaba, da raunin ƙashi da ke shigowa a hankali ba sallama. Ba kuma abin wata biyu ba ne. Wani dogon bincike na Amurka mai suna SWAN ya ruwaito a 2015 cewa matan da ke yawan fama da zafin nan sukan kai kimanin shekara 7 suna ciki, baƙaƙen fata kuwa kimanin shekara 10.

Akwai magani, shi ne maganin homon. Likita na iya mayar wa jiki wani kaso na istirojin ɗin da ya rasa, ta ƙwaya, ko man shafawa, ko ƴar filastar da ake mannawa a fata, kuma har yau ba a samu abin da ya kai shi kashe zafin da gumin dare ba. Yana kuma kare ƙashi daga karaya. Sai dai maganin yana da tarihi mai hawa da sauka, kuma duk wanda ya ɗauki rabin tarihin ya bar rabi zai ɓatar da mutane.

A 1942 aka amince da Premarin a Amurka, ƙwayar istirojin da ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki. A 1966 wani likita, Robert Wilson, ya fitar da littafin Feminine Forever, wanda ya sa mata suka ɗauki ƙwayar a matsayin maganin tsufa. A 1975 aka gano cewa istirojin shi kaɗai yana kaurara fatar cikin mahaifa har ya kai ga sankara. Mafita ita ce a haɗa shi da sinadari na biyu, furojestaron ko danginsa, ga duk macen da mahaifarta ke nan. Wannan ƙa'ida ba ta canza ba har gobe.

Babbar girgiza ta zo a watan Yuli na 2002. Gwamnatin Amurka na gudanar da wani gwaji mai suna WHI a kan mata 16,608, rabi suna shan haɗin sinadaran biyu, rabi suna shan ƙwayar da ba komai cikinta. Bayan shekara 5 da ɗoriya aka tsayar da gwajin tun lokacinsa bai cika ba, jaridu suka kwashi labari cewa maganin na ƙara sankarar mama da kashi 26 cikin 100. Miliyoyin mata suka watsar da shi, likitoci suka ja da baya.

Alƙaluman gaskiya ne, amma sai an zauna an warware su. A cikin mata 10,000 da ba su sha maganin ba, 30 ne suka kamu da sankarar mama a shekara. A cikin 10,000 da suka sha, 38. Bambancin mata 8 ne, kuma shi ne kashi 26 ɗin da ya firgita duniya. An kuma samu ƙarin mata 7 masu ciwon zuciya, 8 masu shanyewar ɓarin jiki, 8 masu gudan jini a huhu. A ɗaya hannun, an samu ragin mata 6 a sankarar hanji da 5 a karayar ƙugu. Abin da kanun labarai suka tsallake shi ne shekarun matan: daga 50 zuwa 79, matsakaicinsu 63. Da yawansu sun haura shekara goma da daina al'ada, jijiyoyin jininsu sun riga sun manyanta. Ba su ne irin matar da ta shiga hamsin jiya take neman ta samu barci ba. Reshe na biyu na gwajin, na mata 10,739 da aka cire wa mahaifa suke shan istirojin zalla, an tsayar da shi a 2004 saboda ƙarin shanyewar ɓarin jiki, amma bai nuna ƙarin sankarar mama ba. Da aka bi sawun matan duka har shekara 18, rahoton 2017 ya nuna yawan mace-mace bai bambanta ba tsakanin waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba.

Kada wannan ya sa a ce haɗarin ya wanke. Mujallar Lancet ta tattara bincike masu yawa a 2019 ta ƙiyasta cewa idan mata 50 suka fara shan haɗin sinadaran biyu kullum tun suna shekara 50 har tsawon shekara 5, za a samu ƙarin mace 1 mai sankarar mama a cikin shekara 20 masu zuwa. Ga masu istirojin zalla kuwa, 1 cikin 200. Masu bincike a Faransa sun ƙara haske: nazarin ESTHER ya nuna ƙwayar haɗiya ce ke ƙara haɗarin daskarewar jini, domin sai ta bi ta hanta, na shafawa da na mannawa kuwa ba su nuna haka ba. A watan Nuwamba na 2025 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar da cire mafi yawan babban kashedin da ta ɗora wa waɗannan magunguna tun 2003, amma ta bar na sankarar mahaifa a kan istirojin zalla.

Inda likitoci suka tsaya yau ke nan: macen da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ganin jininta na ƙarshe ba, wadda zafin ya hana ta sakat, kuma ba ta da wata cutar da ta hana, amfanin maganin ya rinjayi haɗarinsa. Wadda ta wuce nan, lissafi ya juya. A ƙasar da mata da yawa ba su da takardar haihuwa, sai dai a ce an haife su wajen shekara kaza, ƙidaya daga jinin ƙarshe ta fi sauƙi: wane azumi ne ta fara kai shi cif ba ramuwa?

Waɗanda maganin bai dace da su ba sanannu ne. Wadda ta taɓa yin sankarar mama ko ta mahaifa, wadda jini ya taɓa daskare mata a ƙafa ko huhu, wadda ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya, wadda hantarta ke ciwo, da wadda ke zubar da jinin da ba a san dalilinsa ba. Mai hawan jini sai an fara daidaita shi, mai ƙari a mahaifa sai da sa ido, don istirojin na iya ciyar da ƙarin. A nan ne lamarin Nijar ya bambanta da na Faransa. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a ƙasar, kuma da yawan masu ɗauke da shi ba su sani ba. Hawan jini haka. Sankarar mama ita ce kan gaba a sankarar da ke kama matan Nijar, kuma galibi ba a zuwa asibiti sai ta ci jiki. Sai a 2021 ne Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa da ke Yamai ta fara gashin sankara da na'ura. Baturiyar da ke shan maganin ana ɗaukar hoton mamanta a kai a kai. Mai sayar da tuwo a Katako wataƙila ba a taɓa auna jininta ba tun goyonta na auta.

Don haka babban abin tsoro a nan shi ne hannun da maganin ya fito. Kamar sauran kasuwannin birnin, Katako ba ta rasa masu yawo da magani a faranti ko a baro, ƙwayoyi na gasuwa a rana alhali yawancinsu ba a so su wuce zafin 25 zuwa 30. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko mara inganci, kuma Nijar ta ɗanɗana kuɗarta tun 1995, lokacin da aka yi wa dubban mutane allurar sanƙarau ta jabu. Yanzu ga kuma masu talla a WhatsApp da TikTok da haɗe-haɗen “gyaran homon” da ba a san abin da ke ciki ba. Wasu matan kan koma ga ƙwayar tazarar haihuwa don al'ada ta dawo, su ji kamar ƙuruciya ce ta dawo. Istirojin ɗin da ke cikin irin wannan ƙwaya ya fi na maganin ɗaukewar al'ada ƙarfi, kuma ga mace mai hamsin, mai ƙiba ko hawan jini, neman shanyewar jiki ne da kuɗinta. A kuma lura, shi maganin ɗaukewar al'ada ba ya hana ɗaukar ciki. Wadda jininta ke zuwa yana tsallake wata tana iya samun rabo.

Akwai wani ɓangare da kunya ta rufe, kuma shi ne ya fi sauƙin magani. Idan istirojin ya ragu, fatar gaban mace takan yi siriri ta bushe, kwanciyar aure ta zama azaba, fitsari ya riƙa ƙuna. A gidan da akwai kishiya mai ƙuruciya, uwargida ba za ta ce uffan ba, sai ta nufi masu kayan mata. Matsin da ake cusawa, musamman mai alif ko kanwa, ƙara busar da wurin yake yi, ya tsattsage shi, ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya. Alhali akwai istirojin ɗan kaɗan na shafawa ko sakawa a wurin kawai, wanda abin da ke shiga jini daga cikinsa bai taka kara ya karya ba, kuma nazarin Lancet ɗin nan bai same shi da ƙara sankarar mama ba. Da maigida zai san ciwo ne ba ƙiyayya ba, da rigingimu da yawa ba su kai gaban waliyyai ba.

Wani rukunin kuma maganin kusan wajibi ne a gare su: matan da al'adarsu ta ɗauke kafin shekara 40, da waɗanda aka cire wa gidan ƙwai a wurin tiyata suna da ƙuruciya. Su jikinsu ya rasa sinadarin tun lokaci bai yi ba, ƙashinsu da zuciyarsu na cikin haɗari, shi ya sa likitoci ke ba su shawarar riƙe maganin har wajen shekara 50. Alƙaluman WHI ba a kansu aka yi su ba. Wadda kuwa maganin bai dace da ita ba, ba a bar ta haka ba: akwai ƙwayoyi marasa homon da likita kan rubuta masu rage zafin, kuma rage ƙiba, barin taba, tafiyar ƙafa da sa tufafin auduga suna taimakawa daidai gwargwado.

Kafin a rubuta wa mace maganin, dole a auna hawan jininta, a duba mamanta, a tambayi tarihin danginta, a san ko mahaifarta na nan, a duba hanta idan akwai shakka. Sannan a fara da ɗan kaɗan, ta dawo bayan wata 3, daga nan kuma duk shekara a sake lissafi. Ungozomar asibitin unguwa za ta iya fara wannan, ta tura ta gaba zuwa likitan mata a asibitin haihuwa na Issaka Gazobi ko wani babban asibitin Yamai. Maganin kuma a saye shi a farmasi mai lasisi, da takardar likita.

Saura magana ɗaya da ta shafi kowace mace, mai shan magani da wadda ba ta taɓa jin sunansa ba. Idan jini ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewarsa, abin da mata suka saba shi ne su aika a tambayi malam ko za su yi salla. Tambayar tana kan hanya, malam zai ba da amsarsa. Amma jinin nan, ko ɗigo ne, yana iya zama alamar farko ta sankarar mahaifa ko ta bakin mahaifa, waɗanda ake warkewa daga gare su idan an kama su da wuri. Wadda ta gan shi ta je asibiti a makon nan, maigida ko babban ɗa ya biya kuɗin mota.