Kumburin hannu da dishi-dishin ido ga mai wankin ƙoda: kada a yi masa ƙaho



Kwanakin baya aka kawo mini wani dattijo, ya haura shekara yana wankin ƙoda. Hannunsa na hagu ya kumbura suntum, fuskar ma ta tasa ta wannan ɓangaren, ga jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a ƙirji. Ɗansa ya ce, "Malam, ƙaho muke so a yi wa Baba, mataccen jini ne ya taru." Na tambayi dattijon yaya idonsa. Ya ce da asuba kansa kamar zai tsage, kuma in ya buɗe littafi layuka haɗewa suke. Nan take na ce su koma wurin likitan ƙodarsa, yau ba gobe ba. Ko ƙullin gari ban ba su ba.

Ga dalili. Masu wanki da yawa, da robar wuya ake fara musu, wadda ake zurawa cikin babbar jijiya har kusa da zuciya. In robar ta daɗe, ko aka yi ta sauya ta, tana gugar jijiyar daga ciki ta bar tabo, tabon ya tsuke hanya. Wadda aka sa ta ƙarƙashin ƙashin wuya ta fi yin wannan ɓarna. Daga baya sai a yi wa mutum fistula a hannu, wato haɗa jijiya biyu don injin ya samu jini sosai (ba ta da alaƙa da yoyon fitsari, suna ne kawai ya zo ɗaya). To jini ya ƙaru, kwata kuma ta tsuke. Ina zai bi? Sai ya taru a hannu da fuska. A wasu 'yan kaɗan har yakan juya ya hau kai, matsi ya ƙaru cikin ƙoƙon kai, jijiyar gani ta kumbura. Jijiyar gani kuwa in ta mutu ba ta dawowa.

Ni dai na tsufa cikin saiwa da sassaƙe, ba ni da ganyen da ke buɗe jijiyar da tabo ya tsuke. Likitoci kan ɗauki hoton jijiyar, su zura 'yar balan-balan su buɗa wurin, wani lokaci su sa ragar ƙarfe ta riƙe shi, ko su rufe fistular. In an yi da wuri, kumburi kan saɓe, ido kan tsira. Ƙaho ko tsaga a wannan hannu zubar jini ne da shigar ƙwayar cuta, balle ana sa musu maganin hana daskarewar jini lokacin wanki.

Akwai wata hanyar kuma. In jini ya faɗi ƙasa sosai ana cikin wanki, gani kan ɗauke farat ɗaya. Duk wanda ya ga duhu ko jiri a kan injin, ya kira nas nan take, kada ya ce bari a gama awa huɗun tunda an biya kuɗi. Mai ciwon suga ko hawan jini kuma ya riƙa zuwa awon ido ko sau ɗaya a shekara.

Hannun fistula, kada a auna hawan jini a kansa, kada a ɗebi jini, kada a kwanta a kansa. Kullum a taɓa a ji yana zirrr. In ya yi shiru, asibiti. Dabino, ayaba, kanwa da jiƙe-jiƙe, a tambayi likita tukuna, don ƙodar ba ta iya fitar da sinadarin fotashiyam. Zamzam ma a lissafa shi cikin ruwan da aka ƙayyade.

Ɗan dattijon ya kira ni bayan sati uku. An buɗa jijiyar, hannu ya saɓe, ciwon kan ya tafi. Idon dama ya washe, na hagu har yanzu da sauran hazo.