Sukarin Ruwan Ƙwaƙwalwa da Gano Cutar Sanƙarau

Idan bazara ta kama a ƙasar Hausa, akan kai yara asibiti da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya. A annobar sanƙarau ta 1996, mutane fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka rasu. Abin da likita ke buƙatar sani da gaggawa shi ne irin ƙwayar cutar da ta shiga, kuma sukari na cikin abubuwan da ke ba shi amsa.

Ƙwaƙwalwa da laka suna kwance cikin wani ruwa garai-garai, kimanin mililita 150 a jikin baligi. Akan ɗebo shi da allura ta ƙasan gadon baya, dabarar da likitan Jamus Heinrich Quincke ya fito da ita a 1891. Sukarin da ke cikinsa, wato gulukos, daga jini yake tsallakowa, amma akwai shinge da ke taƙaita shigarsa. Saboda haka a jikin mai lafiya yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na sukarin jini. Idan jini na da miligiram 90 a kowace mililita 100, ruwan yakan sami kimanin 60.

Sanƙarau na bakteriya yakan rushe wannan lissafi. Ƙwayoyin cutar da fararen ƙwayoyin jinin da ke yaƙar su suna cinye sukarin, kumburi kuma yana dagula hanyar shigowarsa, har ya faɗi ƙasa da kashi 40 cikin 100 na sukarin jini. Haka yakan ragu idan tarin fuka ya kai ga ƙwaƙwalwa. Sanƙarau na bairos kuwa, wanda galibi ya fi sauƙi, yakan bar sukarin yadda yake.

Dalilin da ya sa ake ɗibar jini a lokaci guda da ruwan ke nan. Alal misali, mai ciwon sukari da jininsa ya kai 300, in aka sami 60 a ruwansa, sai a zaci lafiya lau yake, alhali kashi 20 ne kacal cikin 100, alamar haɗari babba.

Likita yakan haɗa wannan sakamako da yawan fararen ƙwayoyi da furotin, kuma ba ya jinkirta magani idan ya yi zargin bakteriya, domin cutar na iya kisa cikin kwana guda. Duk yaron da zazzaɓi ya haɗu masa da sanƙarewar wuya, a garzaya da shi asibiti a ranar.