Gargaɗi: Ƙullutun Fatar Ido da Ya Ƙi Bajewa

Jama'ar Sabon Birni da Isa, ku duba idanun tsofaffinku yau. Akwai ƙullutu a fatar idon Inna ko Baba da ya haura wata guda? An gasa da ruwan ɗumi, an sa kwalli, an sayo man shafawa a kemis, ya lafa ya sake dawowa a wuri ɗaya? To, a daina ce masa hazbiya. Hazbiya tana zafi, ta nuna, ta fashe, ta warke cikin mako ɗaya ko biyu.

A bakin fatar ido akwai 'yan jakunkuna masu fitar da maiƙon da ke hana ido bushewa. Ciwon daji kan tsiro daga cikinsu. Ba kasafai ake ganinsa ba, shi ya sa ake ɗaukarsa ƙurji har ya yi nisa. Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 60, kuma ya fi fitowa a fatar ido ta sama.

Ku taɓa ƙullutun. Yana da tauri? Ba ya zafi? Ya yi rawaya-rawaya? Gashin ido yana zubewa daidai wurin? Rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane. In kuwa kaluluwa ta fito a gaban kunne ko a wuya, wataƙila ciwon ya fara yaɗuwa.

Kada a kai wa wanzami ya tsaga. Kada a ƙona, kada a matse. Tsaga ba ta cire saiwarsa. Ba a tabbatar da shi sai an yanki ɗan naman an kai ɗakin gwaji. Ku je babban asibitin Isa ko na Sabon Birni, ku nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

Kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa hanyoyinmu, ga tsadar kuɗin mota. Wallahi ban raina wannan ba. Amma ciwon ba ya jiran hanya ta yi kyau. In an kama shi da wuri, sai a yanke ƙullutun, ido ya tsira. In an makara, sai a cire idon gaba ɗaya, wani lokacin ma ya riga ya kai hanta ko huhu.

In akwai wanda ya taɓa ciwon dajin hanji a danginku, ku gaya wa likita, don a wasu zuri'o'i ciwukan biyu gado ɗaya ne. Ku haɗa kuɗin mota, ku kai mai ƙullutun asibiti a wannan makon.