Lemu a Cikin Gida: Daga Zaɓen Dashe Zuwa Amfani da 'Ya'yansa

Gabatarwa

Lemu yana daga cikin itatuwan marmari da aka fi nomawa a Nijeriya. Jihar Binuwai ce ta yi fice wajen nomansa, kuma daga can ake lodinsa a manyan motoci zuwa kasuwanni irin su 'Yan Lemo da ke Kano. Amma ya kai manomi, ba sai kana da babbar gona za ka ci moriyar lemu ba. Bishiya biyu ko uku a tsakar gida ko a bayan gida sun isa su ba iyali abin sha, har a samu na sayarwa. Bishiyar da ta samu kulawa tana iya yin shekara 30 tana haihuwa. Sau da yawa kuwa, lemun da ya ƙi haihuwa ko ya mutu da ƙuruciya, tun ranar dashe aka yi kuskuren da ya jawo masa haka. Saboda haka wannan bayani zai fi ba da ƙarfi a kan dashen da za ka zaɓa da yadda za ka dasa shi.

Zaɓen Dashe

Kada ka dogara da ƙwallon lemun da ka sha ka shuka. Bishiyar da ta fito daga ƙwallo takan cika ƙaya, kuma takan ɗauki shekara 6 zuwa 8, wani lokaci fiye da haka, kafin ta fara haihuwa. Dashen da aka yi wa aure kuwa yakan fara ba da 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4. Auren lemu shi ne a ɗauko ido daga reshen bishiya mai kyakkyawan iri, a manna shi a jikin ƙaramin dashe mai ƙarfin saiwa, su haɗu su zama bishiya ɗaya. Saman shi ke ba da 'ya'ya, gindin kuma shi ke jure cutar ƙasa da fari.

Ka tambayi mai sayarwa irin gindin da aka yi auren a kansa. Gindin Kiliyofatara, wanda wani nau'in tanjarin ne, yana jure cutar tiristeza, wadda ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗawa. Wannan cuta ta kashe miliyoyin itatuwan lemun zaƙi a Kudancin Amurka tun daga shekarun 1930, waɗanda aka yi wa aure a kan gindin lemu mai ɗaci. Daga cikin irin lemun zaƙi da suka karɓi ƙasarmu akwai Agege 1 da Balansiya da Washintan mai cibiya. Balansiya yana nuna a makare kuma yana da ruwa sosai; Washintan ba shi da ƙwallo kuma yana da sauƙin ɓarewa. Ka nemi dashe a wurin da aka amince da shi, kamar Cibiyar Binciken Kayan Lambu da Itatuwan Marmari ta Ƙasa da ke Ibadan, ko ta hannun malamin gona na yankinka.

Dasawa

Ka zaɓi wurin da rana ke samu sosai, wanda ruwa ba ya kwanciya, kuma ka nisanci katanga da kamar mita 3 zuwa 4. Idan bishiyar ta wuce ɗaya, ka bar mita 7 tsakanin kowace da 'yar'uwarta. Ka haƙa rami mai faɗin santimita 60 da zurfin santimita 60, ka gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen takin dabbobi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa kuma yana janyo gara. A dasa bayan damina ta kankama, da yamma ko a ranar da akwai lumshi, a cire ledar a hankali ba tare da an farfasa ƙasar da ke riƙe da saiwa ba.

Babban abin lura shi ne mahaɗar aure. Lallai ta kasance a saman ƙasa da aƙalla santimita 15, kuma kada ka tara ƙasa ko shara a gindin. Idan aka binne mahaɗar, ko danshi ya daɗe a jikin ɓawon, cutar ƙaro takan shiga: za ka ga ɓawo yana tsagewa yana zubar da ƙaro, ganye yana yin rawaya, daga baya bishiyar ta bushe. Idan ka ga alamar da wuri, ka kankare ɓawon da ya ruɓe da wuƙa mai tsabta, ka shafa maganin fumfuna mai sinadarin tagulla bisa ƙa'idar da ke jikin kwalinsa. Bayan dashe ka kewaye shi da ƙaya ko raga saboda awaki.

Kulawa

A yankunan da rani ke da tsawo, ƙaramin dashe yana bukatar ruwa sau 2 ko 3 a mako. Ka yi masa kwarmi zagaye da shi, nesa kaɗan da gindi, domin ruwan ya sauka wajen saiwa ba tare da ya jiƙa ɓawon ba. Ka guji ruwan wanki mai sabulu ko omo, domin lemu ba ya jure gishiri. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kan kwarmin, amma kada ta taɓa jikin bishiyar.

Duk tohon da ya fito a ƙasan mahaɗar aure, na gindi ne. Ka cire shi tun yana ƙarami, in ba haka ba zai rinjayi saman, ka wayi gari da bishiya mai 'ya'yan da ba sa shayuwa. Takin zamani a raba shi biyu, farkon damina da kusa da ƙarshenta, a zuba shi daidai inda inuwar rassa ta ƙare. Idan kauci ya kama reshe, ka yanke reshen daga can bayan inda ya manne.

Ƙudan 'ya'yan itace shi ne babban ɓarawon lemu. Wani nau'insa da ya fito daga Asiya, wanda aka fara gani a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, ya bazu har Afirka ta Yamma. Macen tana huda ɓawo ta saka ƙwai, tsutsa ta ci cikin, lemun ya faɗo. Daga nan tsutsar takan shige ƙasa ta fito a matsayin sabon ƙuda. Don haka ka riƙa tsince duk wanda ya faɗo, ka ɗaure shi a baƙar leda ka bar shi a rana na wasu kwanaki, ko ka binne shi a rami mai zurfin fiye da rabin mita. Malaman gona su ƙarfafa wa maƙwabta su yi wannan aiki tare, domin ƙudan bai san iyakar gida ba.

Tsinka da Amfani

Lemu ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, ba kamar mangwaro ko ayaba ba. Haka kuma a ƙasa mai zafi yakan nuna alhali ɓawonsa yana kore, domin sanyin dare ne ke sauya launinsa. Ɗanɗano shi ne ma'auni: ka yanka ɗaya ka sha kafin ka tsinke sauran. Kada a girgiza bishiya ko a kaɗe ta da sanda. A tsinka da hannu ko almakashi bayan raɓa ta bushe, a ajiye a inuwa a wuri mai iska, a ware duk mai rauni.

Lemun zaƙi matsakaici guda ɗaya yana ɗauke da mafi yawan bitamin C da babban mutum ke bukata a rana, kuma wannan bitamin yana taimaka wa jiki wajen zuƙar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da zogale. Saboda haka yana da kyau a ba yara da masu juna biyu lemu tare da abinci. Ruwan Washintan a sha shi nan take, domin yakan yi ɗaci idan ya jima. Balansiya ya fi dacewa da matsewa. Lemun tsami yana shiga shayi da zoɓo, yana kuma cire yauƙi da ƙarnin kifi. Idan ya yi yawa, a yanka shi a cusa a kwalba mai tsabta da gishiri mai yawa, zai yi watanni ana sa shi a girki. Ɓawon lemun zaƙi kuma ana dafa shi da ruwan lemun da sukari har ya yi kauri, a samu abin shafa wa burodi.

Kammalawa

Ka sayi dashe mai aure daga wurin da ka amince da shi, ka bar mahaɗarsa a saman ƙasa, ka kiyaye gindinsa daga danshi, ka kuma tsince duk lemun da ya faɗo. Idan ka ga wata alama da ba ka gane ba a ganye ko ɓawo, ka ɗauki samfurinta ka kai wa malamin gona mafi kusa da kai kafin ka sayi magani.