Direban Tirela: Tsakanin Barci da Wayar Maigida

Da zarar an gama lodin tumatir a Kwanar Gafan, kan hanyar Kano zuwa Zariya, lokaci ya fara cin direba. Kwando bisa kwando, an gitta katako a tsakani don kada na sama ya danne na ƙasa, yaron mota yana ta jan igiya yana ɗaurewa. Kasuwar Mile 12 da ke Legas aka nufa, tafiyar kilomita wajen 1,000, kuma tumatir ba ya jiran kowa. Mai kaya zai matso jikin ƙofa ya ce, "Direba, don girman Allah a taka, kada kasuwa ta wuce mu." Tun motar ba ta tashi ba an riga an ɗora wa mutum nauyin da ya fi na kayan da ke bayansa.

Ba a shiga wannan sana'a ta sama. Yaro yakan fara ne da wankin mota da sa waigi a ƙarƙashin taya idan an tsaya a gangare. Daga nan ya koyi cire taya, da duba mai da ruwa, da jin kukan inji har ya gane lafiyarsa. Sai ya yi shekara da shekaru kafin maigidansa ya miƙa masa sitiyari a filin da babu kowa. Giya da birki da juya doguwar mota a lungu duk ana koyonsu da maimaici. Abin da ya fi wuyar koyo, wanda kuma a ganina shi ne ke raba gwani da ɗan koyo, shi ne sanin lokacin da ya kamata a kashe mota a kwanta.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ba ta gajiya da jan kunnen direbobi cewa a huta bayan kowace awa huɗu ta tuƙi. A ƙasashen Tarayyar Turai awa 9 ce ƙa'idar tuƙin yini, da hutun minti 45 bayan awa huɗu da rabi, kuma akwai na'ura a jikin motar da ke rubuta kowane motsi. A Amurka awa 11 ce, sannan a huta awa 10, kuma tun Disambar 2017 aka tilasta amfani da na'urar lissafin awanni. A nan gida na'urar rage gudu ce aka fara tilastawa a 2017. Ita gudu take tsarewa, ba ta san ko mai tuƙin ya kwana biyu bai runtsa ba.

Matsin daga wurare da yawa yake zuwa. Galibin direbobi samunsu a kan sawu yake: in ka yi sawu uku a wata maimakon huɗu, tukunyar gidanka ce za ta faɗa maka. Direban tanka yakan yi kwanaki a layin lodi a Apapa, yana barcin zaune don kada a tsallake shi, ranar da ya samu lodi kuwa sai maigida ya fara lissafi daga ranar, kamar waɗancan kwanakin hutu ne. Ga shingayen hanya, ga ramuka tsakanin Jebba da Mokwa da kan mayar da tafiyar awa guda ta zama uku. Ga kuma wuraren da tsoro ba ya barin mutum ya tsaya ko da idonsa na rufewa. Wanda ya san dajin Birnin Gwari a shekarun nan ya san abin da nake nufi. Duk lokacin da hanya ta cinye, daga barcin direba ake cire shi.

Sai a koma ga goro, da shayi mai kauri da aka zuba wa Nescafe, da watsa ruwa a fuska, da sauke gilashi don iskar dare ta bugi mutum. Wasu matasan sun faɗa wa tiramol, abin da ke ƙona mini rai ƙwarai, domin ƙwayar ba ta kore gajiya, ɓoye ta kawai take yi. Barci ɓarawo ne. Gyangyaɗin daƙiƙa uku a gudun kilomita 60 a awa yana nufin motar ta yi mita 50 babu mai riƙe da ita, da tan 30 a bayanta.

Tsofaffin hannu suna da hanyoyinsu. Na farko, sukan yi magana tun kafin lodi, a gaban ɗan kamasho: "Alhaji, ranar kaza zan shiga Legas in Allah ya yarda. In ba ta yi maka ba, ga motoci nan." Abin da aka faɗa a gaban shaida ya fi sauƙin karewa fiye da gardama a waya da tsakar dare. Sukan kuma raba hanya tun daga gida, su san a Tafa za a ci abinci, a Mokwa ko Ogere za a kwana, ya danganta da hanyar da aka bi. Salla ma ta zama musu ma'auni, kowace tsayuwa a yi alwala, a zagaya motar ana bubbuga tayoyi da ƙarfe ana sauraron amonsu, a miƙe ƙafa. Mai kayan gwari da ya san ciwon kansa yakan biya direba na biyu a riƙa karɓa-karɓa. Inda matsala take shi ne a miƙa wa yaron da bai ƙware ba, ba shi da lasisi, don kawai maigidansa ya samu ya kishingiɗa.

Ƙungiyoyin sufuri irin su NURTW da NARTO da reshen direbobin tanka na NUPENG suna da ƙarfin da direba shi kaɗai ba shi da shi, kuma da za su sa kuɗin kwanakin jira a cikin yarjejeniyar lodi, da rabin wannan gaggawa ta ragu.

Na taɓa tsayawa a Tafa wajen ƙarfe biyun dare. Motoci jere a gefen titi, injuna sun yi shiru sai ƙamshin dizal da hayaƙin mai shayi. Wani dattijon direba ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin motarsa, ya yi matashi da takalminsa. Wayarsa na ta ruri a aljihu. Ya ciro ta ya duba, ya miƙa wa yaronsa ya ce, "Ka ce wa maigida muna Tafa lafiya, da asuba za mu tashi." Ya ja mayafi ya rufe har kansa.