Faifai Da Akwati: Darasi Daga Tsofaffin Na'urorin Neman Zinariya

Kwanakin baya wani ƙanen abokina ya iso gidana da magariba, rataye da doguwar jaka. Shekara biyu ya yi a arewacin Agadas yana neman zinariya da na'urar gano ƙarfe, wadda ya saya a hannun wani da ya riga shi shiga sana'ar. Faifan na'urar, wato da'irar nan da ake shafa ƙasa da ita, ya tsage a kan dutse. Ya ci bashi ya sayi wani a kasuwa mai faɗi ɗaya da na farko, fulogin ya shiga daram, amma tun daga ranar na'urar ba ta daina ƙara ba, ko akwai ƙarfe ko babu. Tambayarsa ita ce: cutarsa aka yi, ko na'urar ce ta mutu? Da muka duba, na'urar lafiyarta ƙalau, faifan ma lafiyarsa ƙalau. Ba a yi su don juna ba ne kawai.

Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a shekarar 2014, dubban matasa daga Nijar da Chadi da Sudan da Najeriya suka dogara da waɗannan na'urori, kuma da yawansu tsofaffi ne da suka bi hannaye daban-daban. Don haka batun faifan da ya dace da kowace na'ura batun jari ne da abincin iyali.

A mafi yawan na'urorin, cikin faifan akwai naɗin waya biyu. Na farko yana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, na biyu yana sauraron abin da zai dawo idan ƙarfin ya ci karo da ƙarfe. Ana jera su da ƙwarewa ta yadda mai sauraron ba zai ji komai ba muddin babu ƙarfe a kusa. Yawan naɗin da kaurin wayar duk an auna su daidai da abin da ke cikin akwatin na'urar, kuma kowace na'ura tana da zangon da take aiki a kai. Garrett Ace 250 tana kan kilohaz 6.5, White's GMT tana kan 48, Fisher Gold Bug 2 kuwa tana kan 71, shi ya sa take jin ƙananan ƙwayoyin zinariya. Idan aka ɗaura wa ɗaya faifan wata, ko dai zurfin da take ji ya ragu, ko ta riƙa ƙarar ƙarya, ko kuma, idan wayoyin fulogin sun saɓa, wani abu ya ƙone a cikin akwatin. Kama da wane ba ta wane.

Ko a cikin kamfani ɗaya ma ba a tsira ba. Tesoro na Amurka ya yi faya-fayai iri biyu: masu fil biyar na samfura irin Silver da Bandido, da masu fil huɗu na Tejon da Vaquero da Cibola da Lobo SuperTRAQ. Minelab na Ostareliya ya kyauta wa masu sayen kayansa na tsawon lokaci, domin jerin SD da GP da GPX har zuwa GPX 5000 suna karɓar faifan juna, wasu kamfanoni kamar Coiltek da Nugget Finder ma suna ƙera musu. Amma da GPZ 7000 ta fito a 2015, sai aka sanya wani ɗan ƙwayar lantarki a tsarin faifanta, wanda akwatin yake tantancewa kafin ya yarda ya yi aiki. GPX 6000 ta 2021, duk da sunanta, ba ta karɓar faya-fayan yayyenta.

Matsalar ta fi tsanani idan kamfanin ya rufe. Tesoro ya daina aiki. White's, wanda aka kafa a 1950, ya rufe a 2020, Garrett ya sayi abin da ya bari. Na'urorinsu suna nan da ransu a hannun jama'a, amma samun faifansu na asali ya koma sai an sha wuya. A irin wannan giɓin ne jabun kaya suke samun kasuwa, domin mai saye ba shi da ma'auni sai idonsa.

A ganina gyara yana hawa uku. Mai saye ya riƙe cikakken suna da lambar samfurin na'urarsa, ya ƙirga fil ɗin fulogi, kuma kada ya biya sai an ɗaura faifan an gwada a gabansa, da zobe ko tsabar kuɗi, a nesa da ƙarafa da wayoyin lantarki. Su kuma 'yan kasuwa su ji tsoron Allah, su daina cewa "duk ɗaya ne" a kan abin da ba su sani ba.

Hawa na uku namu ne, mu malaman jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha. Ilimin naɗa waya da auna ta yana cikin abin da muke koya wa ɗaliban lantarki tun shekarunsu na farko, kuma masu gyaran fanka da injin ruwa a kasuwanninmu kullum naɗi suke yi. Faifan tsohuwar na'ura marar ƙwayar tantancewa abu ne da za a iya aunawa, a gyara, har a ƙera. Me zai hana ya zama aikin kammala karatu, maimakon maimaita ayyukan da suke ƙarewa a kan kanta?

Shi dai baƙon nawa mun buɗe tsohon faifansa, muka tarar waya ɗaya ce ta tsinke kusa da wuya. Wani mai gyaran rediyo ya haɗa ta, aka liƙe tsagar, na'urar ta dawo hayyacinta. Sabon faifan yana nan a jakarsa, bashin kuma yana nan a wuyansa. Allah Ya sa mu dace.